Kuɗin yunifom: a kan ma'aikaci ko a kan mai kamfani?

A tattaunawar da wasu masu gadi, ma'aikatan gidajen mai da na masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano suka yi, yawancinsu sun tafi a kan cewa wanda ya wajabta yunifom shi ya kamata ya saya, musamman rigar da ke ɗauke da tambarin kamfani, wadda ba za a iya sa ta zuwa ɗaurin aure ba.

Waɗanda suka san Dokar Ƙwadago ta Najeriya sun ja hankali ga sashe na 5, wanda ya hana yankan albashi sai a inda doka ta yarda, ya kuma hana jimillar abin da za a cire a wata ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin. Sun ce a karanta takardar sharuɗɗan aiki, wadda doka ta ce a bayar cikin wata uku da fara aiki, kafin a sa hannu.

Kayan kariya kuwa, kamar takalmin roba da safar hannu a majemun Challawa, nauyinsu na kan mai masana'anta, kuma a ganina nan babu ja-in-ja.

Wanda aka yanke wa kuɗi ya adana takardar albashinsa, ya fara kai koke ofishin ƙwadago kafin ya nufi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.