Hoton badala da tsoffin gine-ginen Kano: me ya sa yake fitowa fari fat?

Baƙo daga Katsina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan shigo Kano kwana uku a watan Disamba, ina so in ɗauki badala, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata da Dala. Waya ce da ni da ƙaramar kyamara. Matsalar ita ce ginin ƙasa ba ya fitowa da jansa, zanen bango ya ɓace, ginin kuma ya zama kamar zai kife ta baya. Ina gyaran yake?

Mai hoto, Ƙofar Nassarawa:
Wa alaikumus salam Malam, sannu da hanya tun kafin ka taso. Lokacin da kake ɗauka ne matsalar, kyamararka lafiya lau. Ginin ƙasa kyansa yana cikin inuwa: shatin hannun magini a jikin yaɓen makuba, tudun zanen dagi, tsinin zanko, bakin indararo. Rana tana tsaka ta shanye wannan duka. Sai hasken ya zo daga gefe yana gogar bangon kafin zanen ya tashi. A Disamba rana tana fitowa wajen bakwai saura, ta faɗi shida da 'yan mintuna, to aikinka daga 7 zuwa 9 na safe ne, sai kuma daga bayan La'asar zuwa 5:30.

Ka lura da inda bango ya fuskanta. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka a hunturu rana ta kudu take bi. Bangon da ya kalli kudu, irin Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, yana samun haske kusan yini guda. Wanda ya kalli arewa kuwa yana cikin inuwa, sai daga ƙarshen Maris zuwa Satumba rana take juyowa kansa. Kada ka tsaya rana tana bayanka daidai. Ka matsa ta koma kafaɗarka.

Batun launi: idan ka bar kyamara ta zaɓi daidaiton fari (saitin da ke daidaita launin hoto) da kanta, tana ganin jan ƙasa da yawa sai ta ɗauka kuskure ne ta rage shi, bango ya koma toka-toka. Ka kafe shi a alamar rana, wajen 5500K a ma'aunin launin haske. A waje ka sa ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) a 100, buɗewar ido f/8, saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa, ka rage haske kaɗan. A waya ka danna kan bangon, ka ja alamar rana ƙasa har sama ta daina ƙonewa.

Kifewar gini kuwa daga ɗaga kan waya sama ne, musamman da 0.5x. Ja da baya taku goma sha biyar ko ashirin, ka koma 2x, ka riƙe wayar a tsaye cak, ka kunna layukan allo ka daidaita su da gefen ƙofa.

Hajiya mai zanen gidaje:
Ƙanena, ƙari a kan na Malam: Disamba lokacin hazo ne. Daga kan Dala ba lallai ka hango nesa ba, birni yakan lulluɓe kamar an watsa gari. Ranar da hazo ya yi kauri ka bar hoton nesa, ka matsa kusa da ƙyaure, tubali da ya bayyana inda yaɓe ya zube, kan azara. In sama ta washe, da safe ka kalli yamma wajen Goron Dutse, da yamma ka juya wajen fada da hasumiyoyin Babban Masallaci.

A cikin soro abin kallo yana sama: bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufi. Ciki da duhu, ƙofa kuma tana zubo haske mai ƙarfi, in ka haɗa su a hoto guda, ɗayansu zai lalace. Juya wa ƙofar baya, ka kashe filasha domin tana kwantar da zane, ka ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600. In sauri ya yi ƙasa da 1/30 hannu zai girgiza, sai ka ɗora kyamarar kan abu mai ƙarfi ka sa ta jira daƙiƙa biyu. Kada ka jingina da bango mai zane, yana ɓarewa. A Gidan Makama ka tambayi ma'aikata ƙa'idar hoto tun daga bakin ƙofa.

Ƙura kuma: kada ka canja gilashin kyamara a fili, kada ka goge shi da bakin riga, yashi zai karce shi. Fara hure shi da ɗan famfon roba sannan ƙyalle mai laushi.

Ɗan cikin gari:
Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, amma abin da ya rage yau guntaye ne, kuma yawancin ƙofofin an sake gina su da siminti. Ka bi titin tsohuwar jami'ar Bayero, tsakanin Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya zuwa Dukawuya, za ka ga ragowar. Don Allah kada ka hau, ƙasar tana zubewa. Ka sa mutum ko mai keke a gindinta domin a gane tsayinta.

A marina ka je da hantsi lokacin da ake tsoma zane. Yana fitowa daga ramin baba kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, wannan 'yan daƙiƙun za ka jira. Ka tsuguna daidai bakin rami, hannun marini ya cika hoton. Amma fara da sallama, ka nemi shugabansu, ku daidaita abin da za ka ba su kafin ka fito da kyamara. A fada sai da izinin dogarai. A kan Dala kada ka zuƙo tsakar gidajen mutane, akwai matan aure, kuma 'yan unguwa suna gani. Jirgi mara matuƙi kuwa yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, ga filin jirgin Malam Aminu Kano kusa, ka bar shi a gida.

Baƙo daga Katsina:
Allah ya saka da alheri. Zan fara da badala da sassafe, marina da hantsi, Dala bayan La'asar in hazo ya bari.