Kallon Fitowar Rana a Dutsen Bromo: Shawarwarin Waɗanda Suka Je

Waɗanda suka je Dutsen Bromo, wani dutse mai aman wuta a Gabashin Java, ƙasar Indunusiya, bakinsu ɗaya a kan sanyi. Motocin jif kan tashi wajen ƙarfe 3 na dare, kuma a Penanjakan, inda ake jiran fitowar rana, iska har ƙashi take ratsawa. A tafi da rigar sanyi mai kauri, hula da safar hannu.

Sama ta fi washewa daga Mayu zuwa Satumba. Da damina hazo kan rufe komai.

Abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne hawa zuwa bakin ramin da ke saman dutsen: matakala kusan 250 ake hawa, ga ƙura, ga hayaƙin farar wuta. Mai asma ya sa takunkumi, ko ya haƙura ya tsaya ƙasa.