Me ya haɗa ruwan kwata da taifod ɗin da ya ƙi jin magani?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Ɗana ya yi mako biyu yana fama da taifod, ya shanye ciprofloxacin zazzaɓin bai sauka ba sai da aka canza magani, kuma likitan ya tambaye ni inda muke ɗiban ruwa. Rijiyarmu ba ta fi taku goma daga salgar maƙwabta ba. Ina roƙon masana su fahimtar da ni alaƙar da ke tsakani.

Mai Awon Jini:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Idan mutum ya sha magani, wani kaso yana fita cikin fitsari da bayan gida tare da ƙwayoyin cutar da suka tsira, kuma a cikin kwata ƙwayoyin sukan miƙa wa juna dabarar bijire wa magani ko da jinsinsu ba ɗaya ba ne. An ga alaƙar ruwan kwata da irin wannan taifod a Haidarabad ta lardin Sindh a Pakistan a ƙarshen 2016, inda aka samu taifod wanda ya ƙi jin chloramphenicol da ampicillin da Septrin da ciprofloxacin, har da allurar ceftriaxone, ya zamana azithromycin kusan shi kaɗai ya rage cikin magungunan sha. Da aka bi sawu, sai aka ga ƙazanta na shiga ruwan sha, kuma yara ne suka fi kamuwa. A 2019 ƙasar ta sa sabuwar rigakafin taifod cikin alluran yara.

Ɗan Famfo:
Malam ya yi gaskiya, amma kada a ɗauka rijiya ce kaɗai. Sana'ata ce, kullum ina ganin bututun ruwa kwance cikin lambatu, an ɗaure inda ya fashe da roba. Da zarar an ɗauke ruwa, bututun yakan zuƙo na kwatar, shi ne kuma farkon abin da ke zubowa a bokiti idan an dawo da shi.

Inna Malama:
Ni a ganina kwata dako kawai take yi, mu ne masu lodin, tunda kowa na iya sayen kafso huɗu a kemis ba takardar likita, ya daina sha da ya ji sauƙi. 'Yar'uwa, ki riƙa tafasa ruwan rijiyar nan tun daga yau, ki kuma tabbata yaron ya shanye maganinsa har ƙarshe.