Dawar tsiro a daminar Legas, daga bakin tirela zuwa bakin inji

Mai sito a kasuwar Mile 12, Legas:
Assalamu alaikum. Abin da ya dame ni shi ne dawar da muke kai wa masu yin tsiro, wato masu jiƙa ta ta tsira don kunu da lemon malt. Kaya zai taso daga kasuwar Dawanau ta Kano a bushe ƙayau, ka ciji tsaba ta ce ƙas, amma da ya kwana biyu a sito nan Legas cikin watan Yuni, sai ka ji buhu ya yi sanyi a hannu, wari ya fara tashi. Mai tuwo zai saya bai ce uffan ba. Mai tsiro kuwa sai ya ɗebi tsaba 100 ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 3 ya ƙirga waɗanda suka tsira. In ba su kai 90 ba, ya bar maka kayanka. Haka aka dawo mini da kaya a bana, alhali ba tsakuwa a ciki, ba ƙwaro. Wanda duk ya taɓa shiga irin wannan, mai sito ne ko direba ko mai inji, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Direban tirela, Kano zuwa Legas:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Sau da yawa ɓarnar tun a hanya take farawa. Buhu 300 ne a bayana, tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma da an ƙetare gadar Jebba ruwa ba ya sallama. Ko tamfol bai yage ba, rana ta dake shi da yini, sanyin dare ya sauka, sai gumi ya taru ta ciki yana ɗiga a kan layin sama. Ga kuma ƙasan mota: in an ɗauko shanu ko tumatir kafin nan ba a bari ya bushe ba, layin ƙasa ya sha. Ni abin da nake roƙon masu kaya shi ne, in ana sauke lodi su tsaya da kansu, su sa 'yan dako su ware layin sama da na ƙasa gefe guda. Buhu ɗaya mai danshi in ya shige tsakiyar tari, shi ke ɗumama na kusa da shi.

Tsohon dillalin hatsi, Iddo:
Direba ya faɗi gaskiya, amma ɗana, bari in koma baya kaɗan. Mu da muka ga farkon wannan kasuwa, a 1988 ta buɗe, lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Dole kamfanonin giya da na lemon malt suka koma kan dawar gida. A nan muka fara jin sunan SK5912, gajeriyar kaurar da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar, da kuma farar dawa irin farfara. Kafin nan mu mudu muka sani da cikar buhu. Su suka zo mana da na'urar auna danshi, suka ce kada ya wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100.

Abin da yaran yanzu ba sa riƙewa shi ne, mai tsiro ran da ke cikin tsabar yake saya. Kuma akwai abubuwan da ke kashe shi ido bai gani ba. Dawar da aka shanya a kan kwalta da tsakar rana, zafi ya dafa mata ido, za ta yi kyau a mudu amma ba za ta tsira ba. Dawar bara da aka gauraya da ta bana don buhu ya cika, ita ma haka, wata ta fito wata ta kwanta. Shi ya sa ni ba na jiran mai saye ya gwada mini kayana. Tun kaya na Kano nake sa yarona ya yi gwajin tsumma kafin a biya kuɗi, in ya iso nan in sake.

In ba ka da na'ura, nemi kwalba busasshiya, ka zuba gishirin da ka shanya ya bushe sosai, ka ƙara tsabar dawa, ka rufe ka girgiza, ka ɗan jira ka sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, kayanka bai bushe ba. A sito kuma, buhu ba ya taɓa siminti, ba ya jingina da bango. Katako a ƙasa, tazarar da mutum zai iya ratsawa tsakaninsa da bango. Bangon Legas da damina yana tsattsafo da ruwa ko da ba ka ga ɗigo ba.

Mai kunun zaki, Agege:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ƙaramar mai saye ce, tiya-tiya nake ɗauka, amma da hannuna nake yin tsiro, don haka ina ganin abin da babban kamfani ba ya tsayawa kallo. In na jiƙa dawa, wadda ƙwaro ya huda tana tasowa saman ruwa, in kwashe in zubar. In na baza ta a kan buhu na rufe, lafiyayya a kwana na biyu za ka ga farin saiwa ya leƙo, ƙamshinta mai daɗi. Wadda ta sha danshi a sito kuwa yauƙi take yi, fumfuna ta hau ta, wata baƙa wata kore-kore. Wannan ba na ba ko kaji, domin ma'aikatan lafiya sun sha gargaɗi cewa irin wannan fumfuna tana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta. Yara 'yan makaranta ne rabin masu shan kununa. In tsiron ya bushe kuma sai na murje shi na sheƙe saiwar da ganyen tas, saboda ɗanyen tsiron dawa yana da guba a wannan wurin; makiyaya ma sun san ba a barin dabba ta ci sabon tohon dawa.

Kukana na wajen masu inji ne. Wani lokaci in tace gasara in ga baƙin gari ya kwanta a gindin roba.

Mai injin niƙa, Idi-Araba:
Hajiya, wannan baƙin garin ƙarfe ne. Farantan injin markaɗe suna cin juna, musamman in an sa sabbi ko an kai su wasa, sannan aka matse su da yawa don gari ya yi laushi. In na sa sabon faranti, dusa nake fara bi da shi in zubar kafin in karɓi kayan mutane. Na kuma ɗaure mayen ƙarfe a maƙogwaron da hatsi ke gangarawa. Da yamma in na ciro shi, ƙusa, guntun waya, har allurar ɗinkin buhu nake samu a manne. Tsakuwa kuwa mayen ƙarfe ba ya kama ta, sai an rairaye, ita ce ke cinye faranti da rariya. Hatsi mai danshi ma ba ya niƙuwa, liƙewa yake yi, inji ya ɗau zafi, garin ya fito da ɗumi. Wanda ya ɗaure shi a leda a haka, kafin gobe ya yi tsami.

Ma'aikacin ƙaramin kamfanin giya, ɗan Kudancin Kaduna:
Ina gaishe ku, iyayena. Na san yawancinku ba ku hulɗa da abin da muke yi, amma ni ne mai kula da inji a wurin aikinmu, kuma hatsi ɗaya ne. Mu ba gari muke nema ba. Tsiron sha'ir yana da ɓawo, kuma ɓawon shi ne matacinmu a cikin tukunya, don haka injinmu na ƙarafa biyu ne masu mirginawa, tazararsu wajen milimita 1, su fasa tsaba su bar ɓawo a buɗe. In aka matse ya zama gari, ruwa ya ƙi sauka, aikin awa ɗaya ya cinye yini. In aka sake da yawa, tsaba ta wuce ba a fasa ba, zaƙin ya tafi cikin dusa. Kowane sabon buhu sai na niƙa cikin tafi ɗaya na baza a faranti na duba.

Dawa ba ta da irin wannan ɓawon, ga ta ƙanana da tauri, sai ta sulale ta tsakanin ƙarafan. Ita daban muke niƙa ta a inji mai guduma, daban kuma muke dafa ta, domin sitacinta ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 70, na sha'ir kuwa tun wajen 60 zuwa 65. Tsiro busasshe yana jan danshin iska fiye da ɗanyar tsaba, shi ya sa ba ma niƙa sai ranar da za a dafa. Sai maganar ƙura. Ɗakin injinmu a ware yake, muna sa takunkumi, muna share shi kullum, saboda ƙurar hatsi in ta cika rufaffen ɗaki, tartsatsin wuta ɗaya ya isa ta tashi. Malam mai inji, don Allah kada janareto ya zauna ɗaki ɗaya da injinka.

Mai sito a Mile 12:
Mun gode, ɗan'uwa, ka ƙara mana ilimi. Ni masu kunu da masu lemon malt nake kai wa, kuma nakan tambayi inda kaya za shi kafin in sayar. Baba, saura maganar ƙwari. Yara suna ta ba ni shawarar in yayyafa Sniper.

Tsohon dillalin hatsi, Iddo:
Kul, ɗana. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, kuma wannan dawa ita ce Hajiya za ta ba yara. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi don ƙwari ma, hayaƙinta na kashe mutum. Ba a sa ta a siton da yaro ke kwana, kuma sai an rufe kaya ruf kusan mako guda, wanda ya san aikin ya yi. Wanda zai ajiye kaya ya daɗe, ya nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ƙwari su mutu don rashin iska. Sharaɗinsa ɗaya: kaya ya bushe kafin a ɗaure. Tun a Kano za a zuba, ba bayan ya sha iskar Legas ba.

Mai kunun zaki, Agege:
Alhaji, in sabon lodin ya iso, a ɗebo mini tiya ɗaya daga layin tsakiya, ɗaya daga layin sama. Zan jiƙa su a roba daban-daban, in sha Allahu ranar Alhamis in faɗa muku abin da kowacce ta yi.