Wai marubuci maƙaryaci ne?

Ɗan Mabera: Jama'a, raina a ɓace yake. A littafin Atonement na Ian McEwan, Briony, marubuciyar cikin labarin, ta nuna mana masoyan nan Robbie da Cecilia sun sake haɗuwa; sai da ta tsufa ta gaya mana ba su sake haɗuwa ba. Shi ya mutu wajen Dunkirk a Faransa a 1940, ita bom ya kashe ta a tashar jirgin ƙasa ta Balham a Landan. Littafin ya bar mu da ciwon. Fim ɗin 2007 kuwa, bayan ta faɗi haka a hirar talabijin, sai ya nuno su biyun suna wasa a bakin teku. An rufe ƙarya da wata ƙarya don a lallashe mu.

Malamar Arkilla: Ɗana, janye kalmar ƙarya. Ƙagaggen labari bai yi maka alƙawarin tarihi ba.

Na Runjin Sambo: Malama, ki yi haƙuri, abin da bai faru ba mi as sunanai? Ƙarya ta.

Malamar Arkilla: To Abubakar Imam maƙaryaci ne da ya rubuta Ruwan Bagaja? Kakanninmu ma sun raba wannan gardama. Mai tatsuniya kan rufe da "ƙurunƙus kan kusu, ba don gizo ba da na yi ƙarya".

Baƙon Kano: Kan ɓera dai, Malama.

Na Runjin Sambo: Kusu muka cewa nan Sakkwato. Ku da kuka kwaso finafinan Indiya kuka sa musu riga, ku za ku gyara muna Hausa?

Baƙon Kano: Su kuke kallo har asuba ai.

Ƙanwar Minanata: Yaya, ku dubi littafin Life of Pi mana. Pi, yaron da ya tsira bayan jirgin ruwansu ya nutse, ya ba da labari biyu, na damisa da na mutane, ya tambayi masu binciken hatsarin wanne suka fi so. Sun zaɓi na damisa. Can ma ƙarya ce?

Na Runjin Sambo: Ban gani ba, amma ƙarya ta.

Baƙon Kano: Ka janye maganar Indiya tukuna.

Admin: Dare ya yi. Abin da na fahimta, kowa ya yarda da Malama cewa ƙagawa daban, ƙarya daban, kuma wanda bai karanta ba bai kamata ya sa baki ba. Kusu ne daidai. Ranar Asabar Ruwan Bagaja za mu ɗauka, Malama za ta buɗe.

Na Runjin Sambo: Kowa wa? Ni ban yarda ba.