Likitocin haƙori da kunka buɗe naku wurin, mi ya nuna muku lokaci ya yi?

Ƙaramin likita, Mabera:
Assalamu alaikum manyana da abokan aiki. Don Allah shawara nika nema, ba irin ta littahi ba, wadda kunka gani da idonku. Na yi karatun haƙori shekara 6, na yi hausjob, wato horon sabon likita a asibiti, shekara guda, na yi bautar ƙasa, yanzu shekarata 3 ƙarƙashin wani oga a asibiti mai zaman kansa nan cikin Sakkwato. Baba ya ce zai saida hilinshi na Bado shi ba ni in buɗe nawa, har na ga wani shago mai ɗaki biyu bakin titi. Hannuna dai alhamdulillah ya faɗa, cirewa, ciko, wanki, har aikin jijiyar haƙori ina yi, amma hilin tsoho ne hwa, in ya tahi ya tahi. Wallahi kwanakin ga ba ni samun barci.

Tsohon hannu, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni shekara 8 na yi ina ma wasu aiki kahin in buɗe, amma sai sati na biyu da buɗewa na gane abin da ban shirya mai ba. Wani dattijo ya zo daga Wurno da turmin ƙasa ya ruɓe sosai, na sa ƙarhe, kan ya ɓalle ya bar min saiwa biyu cikin ƙashi. Wanga abu ya sha samuna can inda nike aiki da, amma can sai in leƙa ɗakin oga in ce yallaɓai zo ka gani. Rannan na waiga ba kowa bayana sai yarinyar da ka riƙe min bututun zuƙe miyau, ita ma ni take kallo. Na samu na fidda saiwar, sai kuma jini ya ƙi tsayawa, ashe tsohon shina shan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya, bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba don ko takardar tambayoyin ban kai ga bugawa ba. Ɗinki na yi na sa ya ciji auduga, muna nan zaune da ɗanshi har anka kira magariba. Allah ya ruhwa asiri.

Don haka ka zauna ka lissafa, cikin wata shidan da sunka wuce sau nawa ka kira oga ya cece ka. Sannan sau nawa ka iya ce ma mutum wanga ba nawa ba ne, tahi asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo wurin masu tiyatar baki da muƙamuƙi. Faɗin haka na da sauƙi in albashi kake jira, amma ran da mai shago ya aiko yaro karɓar haya kuma mutum ɗaya tak ya shigo tun sahe, nan ne zuciya ka raya maka ai zan iya.

Likita mace, Arkilla:
Ƙanena ni ta ɓangaren kuɗi zan maka magana don nan na sha wuya. Na buɗe a farkon 2023 da lissafina tsaf a littafi, sai ga 29 ga Mayu an cire tallafin mai, watan Yuni kuma aka saki naira, lissafin nan gaba ɗaya ya zama na banza. Ka san kusan komai namu daga waje yake zuwa, allurar kashe zafi, kayan ciko, safar hannu, allurorin aikin jijiya, duk da dala suke tafiya, su kuwa mutanenmu ba za ka ninka musu kuɗin cire haƙori rana ɗaya ba. Ga wuta, kujera ba ta aiki sai da kwamfuresa, injin matsa iska, tukunyar dafa kayan aiki sai ta kai digiri 121 kuma cin wuta gare ta kamar me, in an ɗauke wuta kana tsakiyar ciko ba ka da zaɓi sai janareta. Ga zafin garin nan, Afrilu ya wuce digiri 40, na bar farin ciko a durowa na zo na tarar ya lalace, sai da na sayi ɗan firij na haɗa sola sannan na samu sa'ida. Ni dai a ganina in bayan ka sayi kujera ka biya haya ba ka da kuɗin da zai riƙe wurin wata shida ko da ƙuda bai shigo ba, to ka ƙara haƙuri. Abin da ya riƙe ni shi ne mata, magidanta suna kawo iyalinsu don sun ji likitar mace ce, har daga Illela da Ƙonni. Kai ma ka tambayi kanka su wa za su biyo ka, kuma don me.

Wanda ya rufe nashi:
Ni na buɗe na rufe cikin wata 14, ba na ɓoyewa. Ba ƙwarewa ta gaza min ba, dangi ne da ni kaina. Gwaggo ta zo da jikokinta uku, ai ɗanmu ne, abokin baba ya zo, maƙwabci ya zo, limamin unguwa ya turo mutum, kuma kunya ba ta barinka ka ce a biya kati. Sannan aljihuna da akwatin asibiti abu ɗaya ne, cefanen gida daga nan, man mashin daga nan, ƙarshen wata albashin ma'aikata biyu ya gagara. Da na sani da na sa wani daban kan teburin karɓar kuɗi na yanka ma kaina albashi kamar kowa. Yanzu na koma aikin albashi, ban ji daɗi ba amma ina barci. Hilin baba kam ina roƙonka ka yi tunani, ni motar mahaifiyata ce ta tafi kuma har yau nauyin na kaina.

Mai haɗa haƙoran roba, Runjin Sambo:
Ranka shi daɗe likita, mu da muke karɓar aiki daga wurinku muna gane wanda ya nuna tun daga awon da ya aiko. Wani sai mun maido mishi sau biyu. Ka samu mai haɗa haƙori da kuke fahimtar juna kahin ka buɗe, don tsohon da haƙoran roba sunka ƙi zama mai a baki kai zai zaga a majalisa ba ni ba.

Likita mace, Arkilla:
Na manta takardu. Lasisinka na shekara na MDCN, hukumar kula da aikin likitoci, ya zama sabo, rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan rajistar wurin a ma'aikatar lafiya ta jiha, za su zo su duba. In za ka sa injin hoton haƙori akwai izinin NNRA, hukumar kula da harkar nukiliya. Kuma ka tuna ƙa'idar aikinmu ba ta yarda da tallan kai irin na 'yan kasuwa ba, bakin wanda ka yi ma aiki shi ne tallanka.

Ɗan Gwadabawa:
Abu ɗaya zan ƙara. Mutanenmu ba su zuwa sai kunci ya kumbura, an sha maganin kemis an gaji, wani ma har wanzami ya taɓa, kuma kalma ɗaya ce a bakinsu, a cire. In kana lissahin za ka riƙa yin ciko da aikin jijiya kullum to rage buri, sai ka yi ta lallashi. Kuma za ka ga abin da ba na kuɗi ba. Wata uwa ta kawo min yaro ɗan shekara 4 duk ya rame, dasashi na wari, ga wani baƙin tabo ya fara a kunci. Cutar noma ce, mai cin naman baki da fuska, wadda hukumar lafiya ta duniya ta sa cikin cututtukan da anka yi watsi da su a Disamban 2023. Ko kati ban yanka ba, a Keke Napep na sa su sai asibitin Noma na yara nan cikin gari inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke taimakawa, kuɗin keken ma ni na biya. Ranar ban samu ko sisi ba, amma da na tsaya rubuta maganin kurkure baki da fuskar yaron ta tahi.

Ƙaramin likita, Mabera:
Allah shi saka da alheri, wallahi jikina ya yi sanyi amma na gode. Na lissafa, sau 4 na kira oga cikin wata shida, uku duk kan haƙorin ƙarshe ne da ya kwanta cikin ƙashi. Kuɗin kati kuwa ban taɓa sanin nawa ke shigowa a wata ba, ban ma san nawa ake sayen kwalin allura yanzu ba. Zan ce ma baba shi dakata da maganar hilin. Yallaɓai na Gawon Nama, ko zan iya zuwa in ga yadda kake tahiyar da naka?

Tsohon hannu, Gawon Nama:
Zo ran Asabar bayan la'asar ƙanena. Amma ba kan kujera zan sa ka ba, teburin kati za ka zauna da littahin shiga da hita, ka taho da biro.