Jar Fulawar Ƙofar Gida Za Ta Yi Zoɓo Kuwa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Wata maƙwabciyata a Malali ta dage wai jar fulawar nan da ake dasawa a ƙofar gida, mai faffaɗan fure da dogon tsinke a tsakiya, zoɓo ce ta ƙasar waje. Wai a tsinke a shanya a dafa. Ni dai ban yarda ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ai ba ƙarya ta yi ba, 'yata. Ita da yakuwa dangi ɗaya ne. Mutanen Indiya suna dafa furenta su sha, har man gashi suke yi da shi. Maleshiya kuwa tun 1960 ta mai da ita furen ƙasa. Mu ne kawai muke kallonta muna wucewa.

Malamin Gona: Allah ya ƙara girma, Kawu, dangi ɗaya ne amma kowa da aikinsa. Rama ma 'yar ɗakinsu ce, kuɓewa da auduga duk gida ɗaya, wa ya taɓa jiƙa auduga ya sha? Ta adon sunanta Hibiscus rosa-sinensis, yakuwa kuma Hibiscus sabdariffa. Sannan abin da muke jiƙawa ba furen yakuwa ba ne. Furenta mai ruwan ɗorawa ne da jan ciki, ya buɗe da safe, kafin la'asar ya yi yaushi. Bayan ya faɗi sai ɗan kofin da ke gindinsa ya kumbura, ya yi kauri, ya yi jawur, ya rufe ƙwallon irin. Shi ake ɓarewa da kaka a shanya. Ku duba gindin furen ta ado, kofin kore ne siriri, ba nama a jikinsa.

Hajiya Mai Zoɓo: Malam ya gama magana. Zoɓo tsami ne. Wannan ba ta da tsami ko kaɗan, ka murza furen a hannu sai yauƙi. Ko an zuba citta da kanumfari, ruwan kala kawai za a sha. Wanda ake lodawa daga Jigawa zuwa Meziko buhu-buhu ai ba a gindin katanga aka tsinko shi ba.

Kawu: To Hajiya, a matse lemun tsami mana. Launin ma yana tashi ya yi ja.

Hajiya Mai Zoɓo: Idan sai na sayi lemu, ina sauƙin yake? Kuma fure nawa za a tsinka kafin a cika kwano ɗaya na busasshe?

Malamin Gona: Kawu na da gaskiya a abu ɗaya, furen ba guba ba ne. Damuwata maganin ƙwari. Wannan shukar farin ƙwaro mai kama da auduga na damun ta, don haka masu sayar da fulawa a bakin titi suna yi mata feshi, ba su kuma yi don a ci ba. Abu na biyu, kada yara su ji ana shan fulawa su je su tsinko oliyanda, mai dogon ganye siriri da fure ruwan hoda. Ita daga ganye har saiwa guba ce, tana taɓa zuciya.

Maman Biyu: Innalillahi! Akwai ta a bakin get ɗinmu.

Kawu: Waccan kam a sare ta. Amma jar fulawata ta tsakar gida ba a taɓa yi mata feshi ba, gobe zan sa a dafa mini.

Hajiya Mai Zoɓo: A sha lafiya, Kawu. Kada dai a kira shi zoɓo a gabana.